Tafintan da Ticha Dapaah Ya Sallama

A Adum, tsakiyar Kumasi, a saman shagon atamfar Maame Pokuaa, akwai wani ɗaki mai taga biyu da ake hawa ta matakalar katako. A nan ƙanenta Yaw Dapaah ya yi shekaru yana koyar da kwamfuta. Kowa Ticha yake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin horon malamai ba. Asalin sana'arsa ɗab'i ce. Tun yana saurayi yake jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a Asafo, yana haɗa sanarwar jana'iza, aikin da ba ya yankewa a Kumasi. A can ne injin yankan takarda ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama, ya bar masa babban yatsa da manuni. Mai maɗaba'ar ya sallame shi cikin mutunci. Da abin da aka ba shi ya sayi kwamfuta ɗaya ta hannu, daidai lokacin da shekarun tamanin ke ƙarewa.

A wurinsa nake buga labaraina kafin in aika Accra, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi. Sauran daga bakin masu shi na ji.

Kwamfutar wancan zamani allo ne baƙi ƙirin, babu hoto, sai wani ɗan layi a kusurwa yana ƙifta ido yana jira. Duk abin da kake so sai ka rubuta umarni da guntayen kalmomin Turanci, ka danna babban maɓalli. Kuma ba da injin kake magana kai tsaye ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zuwa tare da DOS, tsarin da ke tafiyar da injin, ita ke karɓar maganarka ta kai ciki, ta dawo maka da amsa. Ticha yana ce mata tafinta.

"Kamar fada ne," yakan ce wa sababbin ɗalibai. "Wa ya taɓa yi wa Nana, sarki guda, magana baki da baki? Ta bakin okyeame, mai magana da yawunsa, ake bi. To wannan okyeamen namu ga taurin kai, ga mantuwa."

Tafintan ba ya yi wa kowa uzuri. Ka rubuta layi mai tsawo, harafi ɗaya ya kauce, sai ya ce bai san wannan umarni ba. Layin ƙarshe kaɗai yake tunawa, na gabansa ya tafi ke nan. Ga mai yatsu goma wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai bakwai azaba ce. Ranar Alhamis iyalan mamata kan cika matakalar cikin tufafin makoki ja da baƙi, kowa riƙe da hoton mamacinsa, suna so a gama musu sanarwa kafin Asabar. Zuwa la'asar manunin Ticha ya kumbura, muryarsa kuma ta kai ƙasa.

"Yaw!" Maame Pokuaa takan ɗaga murya daga shago. "Da wa kake faɗa kuma?"

"Da wannan kurman akwatin!"

"To sassauta, kana korar mini masu saye. Ƙato da gemu ya zauna yana zagin talabijin."

Ana nan sai Antwi ya dawo daga Hamburg. Tare suka yi aiki a maɗaba'a kafin ya tafi, yanzu kuwa Boga Antwi ake ce masa, kamar duk wanda ya dawo daga Jamus da sarƙa a wuya da wando har cibiya. Ya hau matakalar yana haki, ya tsaya a bayan Ticha yana kallonsa yana sake layi ɗaya karo na uku.

"Ticha, har yau da wannan tsohon kake fama? Tafinta ai canja shi ake yi, kamar tayar mota."

Ticha ya juyo. Bai taɓa sanin ana canja shi ba. Ya ɗauka tare aka ƙera su da injin, kamar kunne da kai. Boga ya zaro wani kwali cike da faya-fayai daga jakarsa, ya nuna masa cewa layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa in an kunna ta. A wannan layi ake faɗa mata wanda zai yi mata tafinta.

Tafinta uku Ticha ya samu a kwalin, kuma bai yi gaggawa ba. Na farko ya cinye ƙwaƙwalwar injin, har manhajar rubutu ta ƙi buɗewa, aka tashi ranar ba a buga sanarwa ko ɗaya ba. Na biyu ya cika allo da akwatuna shuɗaye, duk da Jamusanci. Boga da kansa ya tsura masa ido ya ce, "Wannan Jamusancin ofis ne, ni na tashar jirgi na iya." Na uku kuwa da aka kunna shi kamar ba a canja komai ba, baƙin allo da ɗan layi mai ƙifta ido. Amma in ka danna kibiyar sama sai ya dawo maka da duk abin da ka gaya masa tun safe, ɗaya bayan ɗaya. In ka fara rubuta sunan fayil sai ya ƙarasa maka. Abin da ya fi komai, yana yarda ka raɗa wa umarni sunan da kake so.

Na ga Ticha ranar. Ya daɗe yana danna kibiyar nan yana dariya shi kaɗai.

Da farko don hannunsa ya gajarta umarnin. Daga baya ya ga ɗalibansa, yawancinsu 'ya'yan matan kasuwar Kejetia, suna wahalar haddace DIR da COPY da sauransu, sai ya raɗa musu sunaye da Twi, harshen garin. Ka rubuta "hwe", wato duba, sai ta jero maka abin da ke cikin faifai. Ka rubuta "fa", wato ɗauka, sai ta kwafa. "Popa" kuwa gogewa. A makon farko yakan ambaci na Turancin sau ɗaya, ya wuce. Babu wanda ya sake taɓa su, har shi kansa.

Labari ya zaga Kejetia cewa kwamfutar Ticha Dapaah tana jin Twi. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta hau matakalar don ta gani da idonta, ta gaishe da injin, ta ce a tambaye shi ko shi ɗan wane gida ne. Ɗalibai suka ƙaru har aka ƙaro benci. Kwamfutar ɗaya ce, bi da bi ake zama a gabanta, sauran suna gwada yatsu a kan madannai da aka zana a kwali.

Cikin ɗaliban akwai Fremah, 'yar Maame Pokuaa. Ta yi aure, ta gaji da auna yadi a shagon uwarta, tana son aikin ofis. A nan kuwa 'yar 'yar'uwarka nauyinka ce kafin ta zama nauyin ubanta. Wofa ake ce wa kawu na wajen uwa, kuma in yarinya ta tashi ba sana'a, shi ake nunawa da baki a wurin taron dangi. Ticha ya ɗauki abin da gaske. Fremah ta fi kowa sauri a ajin, kuma da wani kamfanin katako a Kaase ya ce yana neman mai aikin kwamfuta, shi da kansa ya raka ta har bakin tasha ya sa ta a mota.

Kafin azahar ta dawo. Ba ta hau sama ba. Ta shige shagon uwarta ta zauna a kan bandir ɗin atamfa, takalmin coci a hannu. Daga bakinta na ji yadda aka yi.

Shugaban ofishin, wani Mista Baffoe, ya zaunar da ita a gaban kwamfuta, ya miƙa mata faifai, ya ce ta duba abin da ke ciki ta kwafo masa fayil ɗaya. Aikin da take yi ido rufe. Ta rubuta "hwe". Injin ya ce bai sani ba. Ta ɗauka yatsanta ne ya kauce, ta sake. Bai sani ba. Ta danna kibiyar sama, shiru. Ta gwada "fa". Matan ofishin suka fara leƙowa ta kafaɗarta, ɗaya ta toshe baki. Fremah ta juya ta gaya wa Mista Baffoe, da zuciya ɗaya, cewa kwamfutarsu ta lalace.

"Bai yi fushi ba," in ji ta. "Da ma ya yi. Cewa ya yi, 'Yar'uwa, wa ya koya miki?"

Maame Pokuaa ba ta cika hawa matakalar nan ba saboda gwiwarta. Ranar ta hau. Ɗalibai suka ga fuskarta suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Yaw, me ka koya wa 'yata?"

"Maame, zauna tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Na ba ka yarinya ka koya mata kwamfuta, ka koya mata hira da akwatinka kaɗai. Duk duniya akwai wani injin da ke jin abin da ta iya?"

"Nasu ne tsohon yayi. Wannan ya fi nasu nesa ba kusa ba, ki tambayi Boga."

"Boga ne zai ba ta aiki? Kai da ka koyi jera haruffa, haruffan gidanku aka koya maka ko na kowa?"

Ta sauka tana dafa bango, tana faɗa wa matakalar sauran maganar.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya saka faifan sabon tafintan a aljihu, ya nufi Kaase. Na bi shi, domin ina da wani aiki a wajen. A mota bai yi maganar Fremah ba, sai ta tafinta. A ganinsa abu mai sauƙi ne: ya nuna wa Mista Baffoe sabon, mutumin ya gani da idonsa, a saka musu, a sake kiran yarinyar.

Mista Baffoe ya karɓe mu a ofis mai ƙanshin sabon katako. Ya bar Ticha ya gama bayani, har ya yarda ya gwada a kan injin ɗaya. Ya ga kibiyar sama, ya ga sunan fayil yana ƙarasa kansa, ya gyaɗa kai.

"Ticha, abinka yana da kyau. Ya fi namu, ban musa ba."

"To ka gani!"

"Amma ka cire shi kafin ka tafi. Muna da injuna a nan, da Sunyani, da Takoradi. In Anti Dufie, mai aikin kwamfutarmu, ta tafi jana'iza ƙauye, wata ce za ta zauna a kujerarta. In daga Sunyani aka turo mana ita, dole ta tarar da abin da ta sani. Yau ka saka mana naka, gobe ya rikice kana gadon asibiti, wa zan kira? Hamburg?"

"Ai ba ya rikicewa."

"Ticha, ni katako nake sayarwa. Ban taɓa ganin abin da ba ya rikicewa ba."

Da muka miƙe ya ce bai ɗauki kowa ba tukuna, sauran da suka zo ba su da saurin yarinyar. In ta iya na kowa, ta dawo ƙarshen wata. Daga nan ba zai ƙara jira ba.

Ticha ya yi ta masifa har Kejetia. Mutum ya ga hanya mai kwalta, ya yarda da bakinsa ta fi, ya ce shi dai ta cikin kwata zai bi don a nan maƙwabta ke bi. Na ce masa mutumin bai yi ƙarya ba. Ya ce ai abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Bai sallami sabon tafintan nan take ba. Da farko ya bar shi, ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara rubuta Twi. Doka ba ta hana yatsa. Fremah takan fara da DIR, in ta manta abin da ke biye sai hannunta ya zame ya rubuta "hwe", injin kuma ya amsa mata da fara'a. Ya goge sunayen Twi, sai ya ga duk ajin sun rataya a kan kibiyar sama da ƙarasa suna, abubuwan da babu su a Kaase.

Sai ya koma raba rana. Da safe ya mayar da tsohon tafinta don ɗalibai, in sun tashi ya dawo da sabon don aikinsa na jana'iza. Wannan ya yi kamar zai yi, har ranar da ya zauna zai nuna musu yadda ake kwafe faifai gaba ɗaya zuwa wani. Ya ɗora yatsu, ya tsaya. Ya rubuta, injin ya ce bai sani ba. Ya sake jera kalmomin wani iri, bai sani ba. Hannunsa na hagu ya tafi kan kibiyar sama da kansa, ya danna, babu komai.

Daga bencin baya wata ɗaliba ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ticha, wa ya koya maka?"

Aka fashe da dariya. Fremah ce kaɗai ba ta yi ba. Ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin zaninta, kuma Ticha ita ya kalla.

Da ajin ya watse ya buɗe fayil ɗin nan, ya goge layin da hannunsa, ya goge tafintan daga cikin injin gaba ɗaya. Faifan Boga kuwa ya saka shi a leda ya rataye a ƙusa, can sama kusa da silin, inda sai an taka kujera. Na tambaye shi me ya hana ya ci gaba da raba ranar, ya dai ƙara bita.

"Muddin yana nan da yamma, hannuna ba zai koyi na safe ba," ya ce. "Na san kaina. Kuma ba zan aika yarinya rafin da ni ban san zurfinsa ba."

Makonnin da suka biyo sun yi masa tsanani. Zagi ya dawo saman shagon atamfa, har ya fi na da. Manuninsa ya sake kumbura, ya riƙa ɗaure shi da tsumma mai man kaɗanya. Ranar Alhamis layin masu makoki ya riƙa kaiwa titi, wasu suka gaji suka tafi wani wuri. Ɗalibai ma suka ragu, domin da yawa don injin mai jin Twi suka zo, kuma labari ya zaga Kejetia cewa ya daina ji. Tsohuwar mai kifi ta ce ita dama ta san za a rina, duk wanda ya zauna da Turawa haka yake ƙarewa. Boga Antwi ya leƙo sau ɗaya, ya ga abin da aka yi, ya ce, "Na kawo maka mota ka koma jaki." Ticha ya ce masa ya sauka a hankali, matakalar tana da santsi.

Shi da Fremah kuwa suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ya rubuta layi ta rubuta, duk wanda ya kuskure ya sake daga farko. Sau da yawa shi ke sakewa. Ba ta taɓa yi masa dariya ba, abin da ya ce ya fi dariyar ciwo.

Ƙarshen wata ta koma Kaase ita kaɗai. Aka ɗauke ta. Maame Pokuaa ta aika masa fufu da miyar kwakwar manja da naman gafiya har sama, ba ta haɗa da wata magana ba, shi ma bai nema ba.

Bayan damina ta wuce Fremah ta hau matakalar wata Asabar da rana, da cikinta ya fara fitowa, tana cin soyayyar ayaba a takarda. Ta zauna ta kalli kawunta yana fama da wani dogon layi.

"Wofa, wannan tafintan na ofis zai kashe ni. Kurma ne, ga mantuwa. Jiya layi ɗaya sau nawa na rubuta shi, har yatsuna suka yi tsami."

"Kina da goma, ki gode."

Ta ɗaga kai ta kalli ledar da ke rataye kusa da silin, ƙura ta rufe ta. "Ka ba ni shi mana. A injina kaɗai zan saka. Mista Baffoe ba ya ko kallon allona."

Ticha ya tsayar da hannu. Ya kalli ledar shi ma, ya daɗe. Na ɗauka zai taka kujera.

"In kin tafi haihuwa wa zai zauna a kujerarki?"

"Anti Dufie."

"Ta iya shi?"

Fremah ta kalli takardar da ke hannunta.

"To ci ayabarki."

"Wofa, amma kai ka ce ya fi."

"Ya fi! Har gobe ya fi! Wa ya ce bai fi ba?" Ya buga teburin da tafin hannunsa na hagu har madannai suka yi tsalle.

Daga ƙasa muryar Maame Pokuaa ta taso. "Yaw! Da wa kuma?"

Ya juya ga allon, ya ƙarasa layin, ya danna babban maɓalli. Injin ya ce bai san wannan umarni ba. Ya ja tsaki, ya gyara ɗaurin tsumman da ke manuninsa, ya fara daga farko.